Tukwicin Mai Koyarwa

Ina gaida wanda ke gida da wanda ke bisa hanya, ina gaida mai shagon da ya rataye rediyonsa a bakin ƙofa, da uwargidan da ke saurarenmu tana tuƙin tuwo, da samarin da suka kewaye butar shayi a fada. Daga unguwarmu Banifandou, a nan birnin Yamai, na taho muku da maganar yau, kuma magana ce a kan malaman jami'a: wane ne a cikinsu ya cancanci yabo, wa zai yaba masa, kuma yaushe.

Bari in fara da abin da idona ya gani.

Watannin baya an yi mana rasuwa a unguwa. Wani dattijo ne, wanda ya shekara kusan talatin yana koyar da lissafi a wata babbar makaranta kafin ya ajiye aiki. Mu maƙwabta Mushe kawai muke ce masa, kamar yadda ake kiran malamin makaranta. Abin da muka sani game da shi bai wuce tsohon motonsa ba, da sahun farko a masallaci, da kujerar da yakan fitar ƙarƙashin bedi bayan la'asar. To, ranar addu'ar uku sai ga layinmu ya cika maƙil da baƙi, waɗansu daga nan cikin gari, waɗansu sun kwana bisa hanya daga Tawa da Maraɗi da Damagaram, kuma da aka shafa fatiha, maimakon a watse, sai suka zauna suna ba juna labarinsa, kowa da nasa.

Wani injiniya, wanda furfura ta fara fito masa, ya ce a shekararsa ta fari ya faɗi jarrabawa, har ya ɗaure kayansa zai koma ƙauye, sai Mushe ya miƙo masa takardarsa, ya ga an bi ta layi layi da jan alƙalami, an nuna masa daidai gurbin da tunaninsa ya goce, a ƙasa kuma an rubuta ya zo ranar Asabar. Asabar bakwai ya yi yana zuwa, shi kaɗai gaban allo, har abin ya zauna. Wata baiwar Allah, wadda yanzu take koyarwa a lise, wato babbar sakandare, ta ce haihuwa ta same ta a tsakiyar shekara, ta fid da rai da karatu, sai ga ƙanenta da darussa rubuce da hannun Mushe, mako bayan mako, tare da saƙon cewa kujerarta tana nan. Haka suka yi ta yi har rana ta take. Da suka shiga gaida mai ɗakin marigayin, ta saurare su tsaf, sa'an nan ta ce: "Ƴaƴana, Allah ya yi muku albarka. Da ma Malam ya ji rabin wannan da kunnensa."

Jama'a, wannan kalma ta tsohuwa ita ce ta hana ni sakat, ita ce kuma dukan abin da nake so in faɗa a daren nan. A yaba wa mai koyarwa tun yana da rai. A yaba masa tun yana ji.

Kada wani ya zaci ina cewa ƙasarmu ba ta san girman malamai ba. Ta sani, kuma shaidar tana rubuce a ƙofofin jami'o'inmu. Ta Maraɗi tana ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, ta Damagaram da sunan André Salifou, ta Tawa da sunan Djibo Hamani, ta Tillaberi da sunan Boubakar Bâ, masanin lissafin da ya fara shugabantar jami'ar Yamai. Ƙasar da ta zaɓi ta sa wa manyan makarantunta sunayen ma'abota alli da allo, alhali ga sarakuna ga sojoji ga attajirai, lalle ta yi abin a yaba.

Ita kuwa uwar jami'o'in, wadda ƴaƴanmu na Banifandou ke sammako dominta kowace safiya, su bi faba-faba ko kabu-kabu, su ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda, sunan Abdou Moumouni Dioffo take ɗauke da shi. Ya kamata mu ɗan tsaya a kansa, domin da yawa daga masu shiga ƙofar nan sun san sunan, ba su san mutumin ba. A Tasawa aka haife shi a 1929. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, sa'an nan ya wuce Faransa, inda a 1956 ya ci jarrabawar nan mai tsanani da ake kira agregasiyo a fannin fizik, ya zama na farko da ya yi haka daga ƙasashenmu na baƙar fata da Faransa ta mallaka. Ita wannan jarrabawa, ku lura, ta malanta ce, domin ba a ƙyale mutum da amsa a takarda kaɗai, sai ya tsaya gaban alƙalai ya ba da darasi sun gani. Ya koyar a Dakar, ya koyar a Konakiri, ya koyar a Bamako, kana ya dawo gida a 1969 ya riƙe ma'aikatar binciken ƙarfin rana, wato ONERSOL, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da na girki da zafin ranar nan da muke kuka da ita. Daga 1979 zuwa 1982 kuma ya shugabanci jami'ar. Amma mutumin da duniya ta sani da ilmin rana, littafinsa da ya fi yaɗuwa, wanda ya fito a 1964, a kan sha'anin ilmi da tarbiyya ne a Afirka, a ciki ya tone illar makarantar mulkin mallaka, ya kuma kafa hujja cewa yaro ya fi fahimta in an koya masa da harshen da ya sha a nono. Malami ne tun daga farko har ƙarshe. Ya rasu ranar 7 ga Afrilu 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992.

Kun ji tazarar. Shekara guda ce tak, amma shekara ce da ke tsakanin mai ji da wanda ba ya ji. Sa'an nan kuma, in an sa wa jami'a sunan mutum ɗaya, ina labarin ɗaruruwan da suka ƙare ƙuruciyarsu a cikin azuzuwanta, waɗanda ba su zama shugabanni ba, ba su zama ministoci ba, ba a kuma taɓa jin muryarsu a gidan rediyo ba?

To, yanzu mu juya ga yadda malamin jami'a yake hawa matsayi, domin a nan ne gizo yake saƙarsa.

Akwai wata majalisa da ƙasashenmu masu aiki da Faransanci suka haɗu suka kafa, ana kiranta CAMES. A nan Yamai shugabannin ƙasashe suka yanke shawarar kafa ta, a watan Janairu 1968, mazauninta yana Wagadugu, kuma shahararren masanin tarihin nan Joseph Ki-Zerbo shi ne magatakardanta na farko. Ita ke duba takardun malami ta ce ya isa ya hau daga wannan mataki zuwa wancan, tun daga mataimaki har zuwa cikakken farfesa. Hikimar kafa ta babba ce, ba na kuwa so a ji kamar ina rage mata daraja: saboda ita ne malaminmu na Yamai ko na Maraɗi ba ya zama farfesa don yana da ɗan'uwa a gwamnati, sai don takwarorinsa na Dakar da Abijan da Kwatano sun auna aikinsa sun ga ya cika mudu. A fannin likitanci da shari'a da tattalin arziki ma, har darasi ake sa mutum ya bayar gaban alƙalai.

Amma fa mizani, kome kyansa, abin da aka ɗora masa shi yake aunawa. Abin da ake iya ɗaurewa a aika wa alƙalan da ke wata ƙasa shi ne rubuce-rubucen bincike, da mujallun da suka buga su, da adadin ɗaliban da mutum ya jagoranta suka rubuta kundi. Asabar bakwai ɗin nan na Mushe ba su shiga ambulan. Jan alƙalamin da ya bi takarda ɗari huɗu da shi, layi layi, cikin zafin watan Afrilu, ga wuta ta ɗauke, ba ya shiga ambulan. Haƙurin da malami zai yi a cikin amfi, wato babban zauren lacca, gaban taron da na bayansu ko allon ba sa hange sosai, ya maimaita mas'ala sau uku ta hanya uku don ya ga fuskar wata yarinya a kujerar ƙarshe ba ta saki ba tukuna, wannan babu mai ganinsa sai Allah sai waɗanda ke zaune.

Ku ɗauki malamai biyu da aka ɗauka aiki rana ɗaya. Na farko ya gane inda ribar take, sai ya taƙaita wahalarsa a aji, ya karanto abin da ke cikin tsohuwar takardarsa ya fita, ya tattara ƙarfinsa ga rubutun da zai kai shi gaba. Na biyu ya ba aji zuciyarsa, kullum ƙofarsa a buɗe, ɗalibai na shiga na fita, rubutun nasa kuwa yana tafiyar hawainiya. Bayan shekara goma sha biyar, na farko ya yi nisa, na biyu yana nan inda aka bar shi, kuma matasan malaman da ke tasowa suna kallo, suna kuwa ɗaukar darasi. Ba na zargin na farko, domin bincike farilla ne a jami'a, kuma akwai bayin Allah da yawa da suka haɗa biyun suka kyautata. Malamin da ya daina bincike ma, ba da jimawa ba rijiyarsa za ta ƙafe. Abin da nake cewa shi ne, gonar da ba a kai wa taki, kome kyan ƙasarta, wata rana za ta gaji. In muna son koyarwa mai kyau, sai mu yaba wa mai yin ta, tun yana da rai, tun yana ji.

A nan zan koma baya kaɗan, domin wannan abu da nake kira gare shi ba baƙo ba ne a wurinmu, gadonmu ne muka yi sakaci da shi.

A zaurukan malamanmu na dā, mutum ba ya cewa na san littafi kaza sai ya faɗi a wurin wa ya karanta shi. In ya sauke, shehinsa ya ba shi ijaza, a cikinta kuwa ana jera sunaye, wane daga wane, wane daga wane, har a kai ga mawallafin. Ashe kowace ijaza takardar shaida ce ga almajiri, kuma takardar yabo ce ga dukan waɗanda suka koyar kafin shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu ta yau a 1754, bai gushe ba yana ambaton malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya bi har Agadas don neman ilmi. Ƙanensa Abdullahi kuwa littafi sukutum ya wallafa, mai suna Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa shehunan da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta gaban kowannensu. A ciki ne ya ba da labarin yadda Shehu ya lizimci malaminsa Usmanu Binduri wajen shekara biyu, har ya ɗauki ɗabi'unsa tare da karatunsa.

Can Tumbutu kuma, Ahmad Baba, wanda ya rasu a 1627, ya rubuta tarihin malaminsa Muhammadu Baghayogho, wanda ya lizimta fiye da shekara goma. Abin da ya fi burge ni shi ne irin abubuwan da ya zaɓa ya yaba. Ya yabi haƙurinsa wajen karantar da mai nauyin fahimta ba tare da gajiya ko ƙyama ba, ya yabi yadda yake ba da aron littattafansa masu tsada ga duk ɗalibin da ya zo nema, ko bai san shi ba. Jama'a, shekara ɗari huɗu ke nan, kuma in kun saurara da kyau, siffar Mushen unguwarmu ce ake zanawa.

Kada kuma mu manta da Nana Asma'u, ƴar Shehu, wadda ta tsara karatun matan karkara da ake kira ƴan taru. Matar da ta isa ta jagoranci wasu ta koyar da su, wato jaji, Nana takan naɗa ta da malfa da jan rawani, ta koma garinsu kowa ya gan ta ya san matsayinta. Tana raye aka naɗa ta. Tana ji, tana gani, maƙwabtanta na kallo.

Yau ɗalibi yakan karɓi digirinsa, ga tambarin jami'a, ga sa hannun shugabanni, amma sunan wanda ya sha wahalarsa ba ya ko'ina a jiki.

Na san akwai mai saurarena da ke cewa a ransa: to, Malam, in an buɗe wannan ƙofa, ai son kai da siyasa da hassada za su shigo, lambar ta koma hannun ƴan gaban goshi. Wani kuma zai ce, in ɗalibai za a tambaya, ai wanda ke rabon maki kamar goro shi za su zaɓa, su bar mai tsanani. Wallahi duka biyun tsoro ne mai tushe, kuma lambar da aka bayar bisa son rai ta fi rashinta muni, domin tana kashe zuciyar mai gaskiya. Sai dai malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin cewa ba a barin shari'a don tsoron shaidar zur; shaidun ake tantancewa.

Ga yadda nake gani. A tambayi ɗaliban da ke aji, amma kada a tsaya nan. A nemi waɗanda suka fita da shekara biyar ko goma, waɗanda ba su da sauran maki da suke nema ko suke tsoro, aiki kuma ya riga ya nuna musu wane darasi ne ya tsaya musu a rayuwa, wane ne ya bi iska. Sau da yawa malamin da suka fi jin haushinsa suna yara shi za su fara ambata. A sa abokan aikinsa, har da na wata jami'a, su shiga ajinsa su zauna su saurara, kamar yadda alƙalan agregasiyo ke yi, amma a ranar da bai shirya musu ba. A ɗauko takardun jarrabawar da ya gyara a duba, domin takardar da aka gyara da amana tana da kama, wadda aka jefa wa maki a gurguje ma tana da kama. A duba kuma su wa ya ɗaga, domin fitar da haziƙi ba wuya, gwanintar tana ga wanda ya karɓi yaron da ya zo daga lise na ƙauye da raunin Faransanci, ya kai shi gaci. In shaidu huɗu irin waɗannan suka haɗu a kan mutum ɗaya, da wuya a ce duk sun haɗa baki.

Waɗansu ƙasashe sun riga mu gwadawa. A Kanada tun 1986 suke zaɓen malaman jami'a goma kowace shekara saboda kyan koyarwarsu kaɗai, Ingila ma ta kafa irin nata tsarin a shekarar 2000. Ba na cewa mu kwafo nasu yadda yake. Mu da muke da malfar jaji da salsalar ijaza, ara mana za a yi?

Shi kuma tukwicin, kada ya tsaya ga takarda mai ƙyalli da tafi. Muna da lambar girma ta Palme Akademik, a ƙasa da kuma a CAMES, kuma tana da kyau a ƙirjin wanda ya cancanta. Amma abin da zai sauya hali shi ne a ce kyan koyarwa yana da nauyi na sosai a mizanin ƙarin girma, a ba gwanin kuɗin littattafai da kayan aiki, a kuma danƙa masa sababbin malamai su zauna a ajinsa shekara guda suna kallon yadda ake yi, kamar yadda Shehu ya zauna gaban Binduri. Kowace jami'a tana iya fara wannan da kanta, kowace tsangaya ma tana iyawa, ba sai an jira doka daga sama ba. Ranar 5 ga Oktoba, wadda duniya ta keɓe wa malamai, tana zuwa kowace shekara. Me zai hana a ranar a kira mutum ɗaya daga kowace tsangaya, gaban iyalinsa da ɗalibansa na dā da na yanzu, a faɗa masa abin da aka faɗa a gidan Mushe, shi kuwa yana zaune yana ji?

Na kusa sauka, jama'a, saura kalma guda gare ku, domin akwai rabon da ba na hukuma ba ne, namu ne. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Kai da ke saurarena a ofis ko a asibiti ko a kanti, ke da ke koyarwa yanzu da irin salon da kika gani wurin wata malama shekara ashirin da suka wuce, na tabbata tun da na fara maganar nan akwai fuskar da ta tsaya muku a rai. To, cikin makon nan ku nemi mai fuskar. In yana nan Yamai, ku taka ku je, ko da goro biyu ne a hannu. In yana nesa, lambar wayarsa ba za ta gagara ba. Kada ku tsaya ga gaisuwa kawai, ku faɗa masa ranar, ku faɗa masa darasin, ku faɗa masa abin da ya zama a rayuwarku, domin mai yiwuwa shi ya manta, ko ma bai taɓa sanin ya yi ba. In kuwa ya riga mu gidan gaskiya, ku je ku gaida iyalinsa, ku faɗa wa ƴaƴansa, ku yi masa addu'a. Ku kuma ƴaƴana ɗalibai, da za ku yi sammakon ƙetare gada gobe in Allah ya kai mu, in malami ya fitar da ku daga duhun wata mas'ala, ku dakata a bakin ƙofar amfi ku ce masa kun gane, kun kuma gode.

Allah ya jiƙan Mushe da dukan malamanmu da suka rigaye mu, ya ƙara wa na raye lafiya da haƙuri.